Tarihin Rubisko a Bakteriyar Narka Ma'adinai

Rubisko shi ne inzayim ɗin da ke kama iskar kabon dayoksaid ya mayar da ita abin gina jikin halitta. Shi ne a ganyen gero da gyaɗar gonakin Gaya da Ajingi, shi ne kuma a jikin bakteriyar da ake sa wa aikin fitar da jan ƙarfe da zinariya daga dutse.

Tun 1887 Sergei Winogradsky ya nuna cewa akwai bakteriyar da ke samun ƙarfi daga farar wuta. A 1947 Colmer da Hinkle suka gano wata a ruwan asid da ke tsiyaya daga mahaƙar kwal a Amurka. An raɗa mata suna Thiobacillus ferrooxidans a 1951, aka sauya shi zuwa Acidithiobacillus a 2000. Ƙarfinta daga ƙarfe da farar wuta yake, amma waɗannan ba sa ba ta kabon da za ta gina jiki da shi.

Masu nazarin tsirrai ne suka warware wannan. Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham sun bi sawun kabon a Berkeley, a 1956 kuma aka tace inzayim ɗin daga ganye. Sunan Rubisko bai zo ba sai 1979. Da aka fitar da jerin ƙwayoyin gadon bakteriyar Acidithiobacillus ɗin a 2008, sai aka ga tana ɗauke da Rubisko iri biyu. Dalili kuwa a fili yake: inzayim ne mai nawa, yakan kama iskar oksijin bisa kuskure, ga shi ruwan asid ba ya riƙe kabon sosai. Don haka takan cusa shi cikin ƙananan jakunkunan furotin, kaboksisom, waɗanda Shively da abokan aikinsa suka fara warewa a 1973 daga wata 'yar uwarta. Leptospirillum, abokiyar zamanta a tankunan narki, ba ta bin wannan hanya. Wata hanya ta daban, zagayen Krebs, take juyawa baya don kama kabon.

Ribar mai haƙar ma'adinai a nan take, domin ma'aikatan nan, wato bakteriyar, ba sa neman sukari. A mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu tun 1986, da Obuasi ta Gana daga 1994, iska ake hura musu, a zuba ɗan taki. Inda dutsen ba shi da isasshen kabonet, sai a ƙara farar ƙasa don asid ya sassauta, kabon ya wadata.