Aman Rana: Tarihin Yadda Aka Gane Shi, da Rabon Zariya Cikin Binciken

Tun kafin zuwan Turawa birnin Zariya ya shahara da malamai. Almajirai su kan taso daga ƙasashe masu nisa su sauka Unguwar Juma ko Unguwar Kona don neman fiƙihu da nahawu da lugga, waɗansu kuma su haɗa da hisabi da ilmin taurari. Rana kuwa ita ce agogon birni. Ladan ya kan dubi inuwa ya san zawali ya yi, manomi ya kan tambayi malam wace manzila a ke ciki kafin ya fita shuka. In rana ta kisfe jama'a su kan taru su yi sallar kusufi, malamai kuma su tunatar da su abin da ya zo cikin hadisi, cewa rana da wata ba su kisfewa saboda mutuwar wani. Amma duk wannan ilmi na tafiyar rana ne da inuwarta. Abin da ke aukuwa a jikin ranar kanta ido ba ya iya kaiwa gare shi, saboda haka Hausa ba ta raɗa masa suna ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin yadda aka gane rana ta kan yi aman wuta, a nuna rabon da Zariya ta samu cikin binciken, sa'an nan a duba kalmomin da malamin makaranta zai koyar da abin da su.

I. Allura ta riga ido

A 1843 wani Bajamushe, Heinrich Schwabe, bayan ya yi shekara 17 yana duban rana da madubin hangen nesa, ya ba da labari cewa baƙaƙen tabon da a ke gani a fuskarta su kan yi yawa su kuma ragu bisa wani ƙayyadadden lokaci. Daga baya aka tabbatar lokacin nan wajen shekara 11 ne. A 1852 Edward Sabine na Ingila ya lura cewa allurar maganaɗisu, watau irin wadda ke cikin kamfas, ta fi yin rawa a shekarun da tabon ya yi yawa. Wannan shi ne farkon zaton cewa akwai wata igiya tsakanin rana da ƙasa ban da haske da zafi.

Ran 1 ga Satumba 1859 Richard Carrington yana zana tabon rana a gidansa a Redhill, kudu da London, sai ya ga wani farin haske ya ɓullo a tsakiyar tabon, ya yi kamar minti biyar ya ɓace. A daidai wannan lokaci allurar ma'aunin da ke Kew ta zabura. Bayan kamar sa'a 17 sai wayoyin tangaraho na Turai da Amurka suka rikice, lantarki ya fizgi ma'aikata, sararin sama ya yi ja da dare har a tsibirin Kyuba. A Zariya ran nan masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina yana tsaye, a na salla a na cin kasuwa kamar kullum. Babu waya ko ɗaya a ƙasar Zazzau da abin zai taɓa, gama Turawa ba su mamaye birnin ba sai 1902. Daga nan za a gane cewa ɓarnar aman rana ta kan ƙaru ne gwargwadon yawan wayoyi da na'urorin da mutane su ka dogara a kansu.

II. Kogin lantarki bisa Zariya

Ƙasa kanta babban maganaɗisu ce. Akwai wani layi da ya kewaye ta inda allurar da aka rataya ta kan kwanta daidai, ba ta sunkuya kudu ko arewa ba. A 1922 aka buɗe wurin awo a Huancayo ta ƙasar Peru, kusa da layin nan, aka tarar da rawar da allura ke yi kowace rana a can ta ninka ta sauran wurare. Dalili kuwa shi ne, wajen mil 65 bisa kanmu hasken rana ya kan sa iska ta zama mai ɗaukar lantarki, kuma daidai kan layin nan lantarkin ya kan taru ya kwarara gabas da rana tsaka kamar kogi, faɗinsa bai wuce mil 400 ba. Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. A shekarun 1950 da 1960 layin ya ratsa Nijeriya ta Arewa ne, ɗan kudu da Zariya. Watau birnin yana ƙarƙashin kogin nan, abin da London da Faris ba su samu ba.

Daga Yuli 1957 zuwa Disamba 1958 ƙasashe fiye da 60 suka haɗa kai don auna ƙasa da sararin da ke kewaye da ita, aka kuwa yi dace tabon rana ya kai yawan da ba a taɓa rubuta irinsa ba. A Kwalejin Jami'a ta Ibadan Cyril Onwumechili ya duƙufa kan binciken kogin lantarkin, har sunansa ya fita duniya a kansa. Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a 1963 kuma Rosemary Hutton, mutuniyar Sikotilan, ta baro Jami'ar Gana ta zo sashen kimiyyar fizis, ta zauna har 1968 tana wannan aiki. A 1970 ita da J. O. Oyinloye suka buga sakamakon bincikensu a kan yadda kogin ya kan juya ya nufi yamma waɗansu ranaku a Nijeriya.

Amfanin irin wannan awo ga tarihin aman rana shi ne, in rana ta yi walƙiya ko aman ya iso da rana tsaka, allurar da ke ƙarƙashin kogin ta fi sauran zabura. Masu rediyo ma sun san alamar, ko da ba su san sanadinta ba. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa labarai a 1957 a kan gajeren zango, muryar kuwa sai ta bugi wannan iska ta sama ta komo kafin ta iso Tudun Wada ko Ƙofar Doka. In walƙiya mai ƙarfi ta auku, iskar ta kan shanye muryar, rediyo ya yi tsit na ɗan lokaci, mai shi ya yi ta murɗa yana zargin batir. Har zuwa nan dai sawun giwa a ke gani, ba a ga giwar ba.

III. Kusufin da mutum ya ƙera

Abin da ya hana ganin aman shi ne hasken ranar kanta. Kewaye da ita akwai wata siririyar iska mai tsananin zafi, mai kama da farin rawani, wadda haskenta bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na hasken fuskar rana ba. Ba a ganinta sai wata ya rufe rana ruf, na 'yan mintoci. Mutanen Gusau da Katsina da Maraɗi sun ga rawanin nan da idonsu da hantsin 29 ga Maris 2006. A Zariya kuwa ranar ba ta rufe duka ba, saura ɗan baki, ɗan bakin nan kuma ya isa ya ɓoye shi.

A 1930 Bernard Lyot na Faransa ya ƙera madubi mai ɗan faifai a ciki wanda ke tare fuskar rana, watau kusufi na ƙira. Amma ƙura da iskar duniya su kan watsa haske, kamar yadda kowa ya sani a kwanakin hunturu, saboda haka gindin rawanin kaɗai a ke iya gani daga ƙasa. Dole sai an fitar da madubin waje da iska. Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko ran 4 ga Oktoba 1957. A 1958 Eugene Parker ya nuna ta hanyar lissafi cewa wata iska tana busowa daga rana kullum, a 1962 kumbon Mariner 2 ya tabbatar da maganarsa a kan hanyarsa ta zuwa Zahra. Ƙasar Hausa ba ta zama 'yar kallo ba a wannan zamani, gama a 1961 Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo kusa da Kano, tana kuwa cikin tashoshin da su ka bi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962.

Ran 14 ga Disamba 1971 madubin da ke cikin tauraron OSO-7 ya ɗauki hoton wani gajimare mai haske yana ɓallewa daga rawanin rana yana tafiya. Shekara 112 ke nan bayan Carrington kafin a ga giwar. Skylab ya ɗauki irinsa da yawa a 1973 da 1974. Ran 2 ga Disamba 1995 Turai da Amurka suka harba SOHO, aka ajiye shi wajen mil miliyan ɗaya daga duniya ta fuskar rana, inda dare ba ya yi masa. A 2006 aka harba tagwayen STEREO don a dubi aman ta gefe, a san ko duniya ya nufo. Ɗayansu ne wani ƙasaitaccen amai ya buga ran 23 ga Yuli 2012, wanda ya kuskure duniya. SDO na 2010 an shirya shi ya riƙa ɗaukar hoton rana kowace daƙiƙa 12. Kumbon da aka sa wa sunan Parker kuwa, wanda ya tashi a 2018, ya kutsa cikin rawanin kansa, ran 24 ga Disamba 2024 ya matso har saura mil miliyan 3.8 ya taɓa fuskar rana, alhali tsakaninmu da ita mil miliyan 93 ne.

IV. Abu biyu, suna biyu

Abin da kumbunan nan su ka bayyana shi ne, ƙarfin maganaɗisun da ke wajen tabon rana ya kan murɗe kamar igiyar da aka tufka fiye da kima, in ya tsinke sai abu biyu su fito, wani lokaci tare, wani lokaci dabam. Na fari haske ne, ya kan iso duniya cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, ganinsa shi ne isowarsa, ba a iya yin gargaɗi a kansa. Shi ke kashe gajeren zango. Na biyu jiki ne, iska mai lantarki wadda nauyinta ya kan kai ton dubban miliyoyi, mafi saurinsa ya kan ci kusan mil 1,800 a daƙiƙa ya iso cikin ƙasa da kwana ɗaya, mai nawa kuwa ya yi kwana uku ko huɗu. Shi ne ya jefa mutum miliyan 6 na lardin Kubek a Kanada cikin duhu na sa'a 9 ran 13 ga Maris 1989. Shi ne kuma ya kumbura iskar sama a Fabrairu 2022 har taurari 38 cikin 49 na Starlink da aka harba suka faɗo. Tun da ya kan ɗauki lokaci a hanya, hoton kumbo ya kan ba masu wutar lantarki da matuƙan jiragen sama damar shiri.

Nijeriya yanzu tana cikin masu abin hasara. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya a 1964, hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a 2003. Wayar hannu da ke nuna wa direba hanya da taurarin ɗan Adam ta ke magana, maganar kuwa sai ta keta iskar nan ta sama, wadda ta fi rikicewa a ƙasashen da ke kusa da layin maganaɗisu.

Saura batun suna. Zariya ta saba da wannan aiki, gama a nan R. M. East da Abubakar Imam su ka rubuta Ikon Allah don bayyana halitta da Hausa, kalmar kumbo kuma ta zauna a bakin jama'a tun 1969, har Mamman Shata ya yi wa Afolo 11 waƙa. Kalmar kusufi ba ta dace da abin da a ke magana a kai ba, don kusufi inuwar wata ce, a na lissafa ranarsa shekaru kafin ya zo, ba ya kuwa taɓa waya. Shawarar wannan takarda ita ce a kira na fari walƙiyar rana, tun da Bahaushe ya san walƙiya ba ta sallama. Na biyu a kira shi aman rana, bisa misalin dutse mai aman wuta, gama amai abu ne da ke fita daga jiki ya faɗa wani wuri. Farar iskar da ke kewaye da rana a kira ta rawanin rana, rikicewar allura kuma guguwar maganaɗisu. Malamin da ya haɗa walƙiya da amai cikin kalma ɗaya ba zai iya amsa wa ɗalibi dalilin da ya sa a ke sanar da zuwan ɗaya ba a sanar da zuwan ɗayan ba. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su gwada waɗannan kalmomi huɗu a aji, su ga waɗanda bakin yara ya karɓa, kafin a shigar da su cikin littattafan makaranta.