Daga Malmala Zuwa Tsaba: Tarihin Shinkafa a Tukunyar Sakkwato

Mutane da dama suna ɗaukar shinkafa baƙuwa ce da jiragen ruwa suka kawo mana. Ni kuwa ina ganin tukunyar Sakkwatawa ta isa ta ƙaryata wannan zato. Masana sun nuna cewa manoman fadamun kogin Kwara, a ƙasar Mali ta yau, sun sarrafa irin shinkafar Afirka mai jan bawo kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Saboda haka, ko da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, noman shinkafa ya daɗe da zama a fadamun gulbin Rima.

Yadda ake dafa ta ma shaida ne. Ɗanyar shinkafa, wadda ba a yi guminta ba, ita ake dafawa har ta yi luguf, a tuƙa da muciya, a kwashe da mara, a jera malmala a akushi. Ba a sa wa tuwon gishiri. Ɗanɗano aikin miya ne: taushe ko kuka, da daddawar kalwa da man shanu. Ita ce kuma ake jiƙawa a niƙa, ƙullin ya tashi, a soya masa a tanda. A nan mun yi tarayya da mutanen Japan, waɗanda su ma suka fi son shinkafa mai danƙo, suna dafa ta da ruwa zalla, su kawo ta a kwanonta daban da mahaɗi.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ne ya sauya lissafi. Shinkafar waje mai dogon tsaba, wadda jama'a suka laƙaba wa 'yar gwamnati, ta cika kasuwanni. Ba ta da tsakuwa, ba ta caɓewa, sai ta mamaye dafa-duka da girkin biki, dunƙulen Maggi kuma ya fara ture daddawa. Gwamnati ta gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984 domin noman rani, amma irin da ya bazu a gonakin zamani mafi yawansa ɗan asalin Asiya ne. Rufe iyakoki a watan Agusta na 2019 ya dawo da 'yar gida kasuwa, sai dai sunan ne na gida, irin ba lalle ya zama na kakanni ba.

Abin da nake tsoro ke nan. Tsohon irin yana jure ambaliya da ƙasa marar ƙarfi, ga shi kuwa ruwan gulbi na ƙara wuyar sha'ani. Iri ba ya rayuwa a rumbu har abada, sai an shuka shi, kuma manomi ba ya shuka abin da uwargida ta daina nema a kasuwa. Makomar jar shinkafa tana hannun masu riƙe da muciya.