Tarihin Binciken Sauti da Girman Shuka

Shuka ba ta da kunne, amma sauti girgiza ce da ke ratsa iska da ruwa da ƙasa, kuma saiwa da ganye da fure duk girgiza tana taɓa su. Kafin a tsaya a kan wannan, binciken ya daɗe yana bin kiɗa.

A ƙarni na 19 Charles Darwin na Ingila ya sa ɗansa Francis ya yi wa wata shuka mai naɗe ganye busa da wani abin busa mai kaurin murya. Ko gezau ba ta yi ba. A farkon ƙarni na 20 Jagadish Chandra Bose na Indiya ya ƙera na'urar auna tsirowar shuka komai ƙanƙantarta, ya nuna shuka tana amsa taɓi da zafi da lantarki. Daga baya T. C. Singh na Jami'ar Annamalai ya yi iƙirarin cewa kiɗa yana ƙara amfanin shinkafa. A 1973 kuma Dorothy Retallack ta Amurka ta fitar da littafi tana cewa shuke-shuke suna karkata ga kiɗa mai taushi, suna yaushi idan kiɗan ya yi hayaniya. Zancen ya karɓu a wurin jama'a, sai dai shukokin gwajin ba su da yawa, sharuɗɗansa kuma ba su cika ba. Abin da ya haifar shi ne masana suka ƙaurace wa fagen shekara da shekaru.

Da aka dawo, sai aka ajiye kiɗa aka koma ga sautin da shuka ke haɗuwa da shi a gona. A 2012 Monica Gagliano da abokan aikinta suka ba da rahoton saiwar masara tana lanƙwasa zuwa sauti mai kaɗawa sau 220 a daƙiƙa. A 2014 Heidi Appel da Rex Cocroft na Jami'ar Missouri suka naɗi girgizar tsutsa tana cin ganye, suka kunna wa wasu shukokin; da tsutsa ta zo musu daga baya, sai suka ƙara sinadarin kare kai, alhali girgizar iska ba ta sa su yin haka ba. A Jami'ar Tel Aviv, ayarin Lilach Hadany ya nuna a 2019 cewa wani fure yana ƙara zaƙin ruwansa cikin minti 3 da jin ƙugin zuma, a 2023 kuma cewa tumatir da taba masu ƙishi suna fitar da ƙara wadda kunnen mutum ba ya kamawa.

Mafi tabbaci a cikin wannan duka yana faruwa a gonakin rani irin na Goronyo da Wurno, inda noman ya bunƙasa musamman bayan kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Furen tumatir da gauta da yalo ba ya sakin garin barbara da kyau sai an girgiza shi. Wasu ƙudaje dangin zuma, irin manyan nan masu ɓula itace, sukan rungumi furen su yi ƙugi, garin ya zubo. Zumar amya ba ta iya wannan ba. Feshin da ya kashe waɗannan ƙudaje yana iya rage 'ya'ya ko da ruwa da taki sun wadata.

Ga mai shinkafa da alkama kuwa, sautin da ya sani na korar tsuntsu ne. Idan kai ya fara nuna, jan-baki sukan sauko garke-garke, sai a miƙa igiyoyi a gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mai tsaro yana ja yana ihu tun asuba. Tsuntsun yakan saba da ƙara guda cikin 'yan kwanaki, don haka ake sauya ta, a haɗa da majajjawa, har a yi yanka.