"Ki ajiye min 'ya'yana": daga ina wannan hukuncin ya fito?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Shekara uku da suka wuce aka saki yayata. Takardar sakin da jumla ɗaya ta zo tare: ki ajiye min 'ya'yana. Babbar tana da shekara shida, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. A gidanmu ba wanda ya yi musu, har mahaifinmu da ya yi karatun zaure cewa ya yi, "Ai 'ya'ya na uba ne." Ni ma na ɗauka haka addini ya ce, sai da na zauna na bi tarihin abin.

Mu fara daga littattafan da malamanmu ke karantarwa tun kafin jihadin Shehu Usmanu. Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, su ne ginshiƙin fiƙihun Malikiyya a ƙasar Hausa. Abin da suka tsara a babin hadana, wato haƙƙin riƙo da reno, shi ne bayan saki uwa ce ke riƙe yaro har ya balaga, yarinya kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani bare, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye, kakar wajen uwa ce ke karɓa, sannan 'yar'uwar uwa. A jerin Halil sai an wuce waɗannan, an wuce kakar wajen uba, kafin a iso kan uban. Shi nasa aikin waliccin yaran ne, da lura da tarbiyya da karatunsu, da ciyarwa da tufatarwa, ko da suna hannun uwarsu. Akwai sharuɗɗa kam: mai riƙo ta zama mai hankali da amana, wurin zamanta kuma ya zama amintacce. Amma duka mazhabobi huɗun nan, babu wadda ta ba uwa dogon wa'adi kamar tamu.

To ya aka yi muka koma ana yaye ana ƙwacewa? Al'ada ce da ta zauna gefe da gefe da littafi. A gidan gandu yaro hannu ne a gona, yarinya kuma ta hanyar aurenta ake ƙulla zumunci, don haka dangin uba ba sa sakin su. Wanda ya karanta littafin Baba ta Karo, labarin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai ga yadda ake ba da yara riƙo tsakanin dangi kamar abin da ba a tambaya. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta rena.

Da Turawa suka ci ƙasar nan, sun bar kotunan alƙalai ƙarƙashin sarakuna, kuma maganar aure da saki da gado ba su taɓa ta sosai ba. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, daga baya a ƙarshen shekarun 1960 aka cire kotunan daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki. Tsarin mulkin 1999, sashe na 277, ya ambaci waliccin yara cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kai. Kun ga ke nan ƙofar a buɗe take tun tuni. Matsalar ita ce wa zai shiga? Mace ta kai uban 'ya'yanta ƙara, sai a ce ta tona asiri. Kuma mu faɗi gaskiya, wani lokacin dangin matar ne da kansu ke tattara yaran su mayar, saboda uban ya daina aiko ko kwano ɗaya na masara, sabon miji kuma ba ya son agola. Rashin ciyarwa ya raba uwa da ɗa fiye da kowane alƙali.

Wannan ce ta sa a Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya zanga-zangar zawarawa a Kano. Hukumar Hisba ta hana. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi maganar daftarin dokar iyali da zai taɓa dukan mata da nauyin da ke kan uba, amma duk surutun gari ya tafi kan batun ƙarin aure.

A ɓangaren dokokin tarayya kuwa, dokar 1970 ta ce maslahar yaro ce kan gaba, sai dai auren rajista kawai ta shafa. Dokar Haƙƙin Yara ta zo a 2003, amma sai jiha ta amince take aiki a cikinta. Kano sai a Mayun 2023 aka sa hannu kan tata, shekara 20 cif.

Sai umarnin kariya, wanda shi ne sabon abu. Fiƙihu ya san cutarwa, har yana ba alƙali ikon raba aure saboda ita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne takarda mai sauri da za ta hana tsohon miji zuwa ƙofar gidan iyayenki yana barazana. Legas ta yi tata dokar a 2007. A Mayun 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar VAPP, wadda ta ba kotu ikon hana mutum shiga gidanki ko wurin aikinki, da gindaya sharaɗi kan yadda zai ga yaran, har ta hana shi ganinsu in akwai haɗari. Ana iya bayar da na wucin gadi kafin a gama shari'a. Wanda ya watsar da iyali ba ci ba sha kuma, ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ne, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyun. Amma ita ma Abuja kaɗai ta shafa sai jiha ta ɗauka. Kaduna ta ɗauka a 2018. 'Yar'uwa, ki fara tambayar lauya ko jiharku ta ɗauka kafin ki dogara da ita.

Yayata kuwa ba VAPP ce ta taimake ta ba. Kotun shari'a muka je, zama uku aka yi. Alƙalin ya tambayi mijin ko ta yi wani aure, ya ce a'a. Ya tambaya ko yana da shaida kan rashin amanarta, ya yi shiru. Aka mayar mata da yaran, aka yanka masa kuɗin ciyarwa duk wata. Wata huɗu ya biya ya daina, yanzu kan wannan muke komawa kotu.