Asalin Kalma: Fumfuna

Bakano zai ce fumfuna, amma a Jandutsi, Jega, Aliero da Maiyama hunhuna za ka ji, domin bakin Kabi yana mai da "fu" ta zama "hu". Kalma ce ta gida, mai ninkin gaɓa irin na furfura. Tun asali tana nufin gashin da ke tsirowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko baƙin garin da ke bin albasar Aliero idan danshi ya shiga rudu.

Yanzu ma'aikatan lafiya sun faɗaɗa ta zuwa dangin ƙwayoyin da ke haddasa kyasbi da makero. Makeron ne ke damuna: askar wanzami ɗaya, idan ba a tsabtace ta ba, tana iya raba shi a kawunan yaran unguwa guda.