Ranar da Fischer ya tura wani ɗa daban

Ni dai dara na tashi na iske ana bugawa a ƙofar gidanmu. Darar Turawa, wadda muke ce ma eshek, sai a jami'a na koye ta, kuma wasa guda ne ya sa na kamu da son tarihinta: na shida a karawar neman kambun duniya ta 1972, a Rekyabik, babban birnin Aislan.

Tun 1948 kambun nan bai fita hannun ƴan Tarayyar Sobiyat ba. Sai ga Bobby Fischer, Ba'amurke, ya zo ƙwace shi daga Boris Spassky ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Ya sha kashi a wasan farko, na biyu ko zuwa bai yi ba, wai kamarori sun dame shi. Amma kafin na shida sun yi kunnen doki, biyu da rabi kowanne.

Duniya ta san Fischer da tura sojan gaban sarki zuwa e4, kusan kullum. Ran 23 ga Yuli sai ya tura c4. Kai! Daga nan wasan ya juye zuwa buɗin ɓangaren sarauniya, inda fari ke miƙa soja guda kamar kyauta don ya mallaki tsakiyar fage. Spassky bai karɓa ba, ya shiga kariyar Tartakower, wadda ya daɗe yana dogaro da ita. Wato Fischer gidan mutum ya bi shi.

A taku na 14 ya kai giwarsa b5. (Giwa na ce, bin Larabawa masu cewa al-fil, Faransawa wawa suke kiranta, sunan da ban ga ya dace da ita ba.) Spassky ya amsa da a6, alhali Geller, mataimakinsa, ya san amsar da ta fi: sarauniya zuwa b7. A taku na 20 ne e4 ɗin ta fito, ta wargaza sojojin baƙi na tsakiya. Daga nan sai matsi, sannu sannu, har Spassky ya miƙa wuya bayan taku na 41.

Ƴan kallo sunka tashi da tafi, shi ma Spassky ya taya su. Karo na farko ke nan da Fischer ya shige gaba, kuma bai sake komawa baya ba: an tashi 12½ da 8½.