Daga Indiyana zuwa Rawayau: Yadda Na'urar Riƙe Gudu da Giyar Otomatik Suka Koyi Hawan Tudu

A shekarun 1980, motar da ta fi bin hanyar Katsina zuwa Kurfi da Dutsin-Ma ita ce Fijo 504, wadda ake harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Giyarta ta hannu ce. Direba ne ke hango tudu, ya taka kuloci, ya rage giya, ya ƙara wuta. Yau a Rawayau da ke wannan yanki, da garuruwan da ke kewaye da ita, malamin makaranta ko ɗan kasuwa kan sayi Corolla ko Camry ko Honda Accord mai giyar otomatik, sau da yawa da wani maɓalli a jikin sitiyari da ke riƙe wa mota gudu ba tare da an taka totur ba. Wanda ya gwada shi a kan hawa ya san abin da ke biyo baya: injin ya yi kuka, giya ta sauka, ta hau, ta sake sauka. Wasu nan take sai su nufi gareji da zaton giyabos ya lalace. Galibi lafiyarsa lau. Abin da suke ji gado ne na tarihin na'urori biyu da aka ƙera daban-daban, kowace don nata aikin.

Giyar otomatik ce babba. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Hydra-Matic a 1939, aka sa ta a motocin Oldsmobile na 1940. A 1948 Buick ya kawo Dynaflow, wadda ke isar da ƙarfin injin zuwa giya ta hanyar juya mai a cikin wata ƙwarya ta ƙarfe, maimakon farantin kuloci. Tun daga wancan lokaci, manyan abubuwa biyu giyar otomatik ke dubawa kafin ta canza: gudun mota, da yadda aka buɗe totur. In an taka a hankali, sai ta hau giya da wuri. In an danna sosai, sai ta ɗauka direba na neman ƙarfi, ta sauko giyar ƙasa.

Na'urar riƙe gudu kuwa ta fito ne daga hannun Ralph Teetor, injiniya daga garin Hagerstown a jihar Indiyana, wanda ya makance tun yana ɗan shekara 5. Ana ba da labarin cewa lauyansa ne ke tuƙa shi, in yana magana ya rage gudu, in yana sauraro ya ƙara, har abin ya ishe shi. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun 1788 James Watt ya yi amfani da na'urar daidaita gudu a injin tururi, amma Teetor ne ya ƙera irin ta zamani da ake sa wa mota. Ya sami rajistar mallakar fasahar a 1950, Chrysler ya sa ta a motocinsa na 1958 da sunan Auto-Pilot, sannan Cadillac ya kira ta Cruise Control. Zamanin ya taimaka mata: a 1956 Amurka ta fara shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohinta, dogaye, masu faɗi, waɗanda aka sassauta musu hawa da gangan. Injunan lokacin manya ne, giyoyinsu kuma kaɗan. Mota kan haye tudu a giyar sama ba tare da ta ji a jikinta ba.

Rikicin mai na 1973 ne ya sauya lissafi. Fetur ya yi tsada, Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kusan kilomita 89, a 1974, mutane suka rungumi na'urar riƙe gudu don tsimin mai. Kamfanoni kuma suka ƙanƙanta injuna, suka ƙara giya ta huɗu mai sa injin ya yi tafiya da ƙaramin juyi, kamar yadda Ford ya yi a 1980, suka kuma sa wani kuloci a cikin ƙwaryar man nan da ke kulle ta in an miƙe hanya. Duk wannan ya rage shan mai, amma ya bar mota da ɗan ƙarfi kaɗan a giyar sama.

A nan matsalar ta fito fili. Na'urar riƙe gudu ba ta ganin tudu, raguwar gudu kawai take ji. Da mota ta fara hawa, gudu ya sauka daga 100 zuwa 95, sai ta buɗe totur. Giya ta ji an buɗe, sai ta saki kullin ƙwarya, ta sauko ta uku. Ƙarfi ya samu, gudu ya koma 100, na'urar ta sassauta totur. Giya ta ɗauka an gama hawa, ta koma ta huɗu. Ta huɗu ba ta iya jan tudun, gudu ya sake faɗuwa, aka koma gidan jiya. Kamar shanun huɗa biyu ne da ba a horar da su tare ba: kowanne na ja da gaskiya, amma kunya ba ta miƙewa. Kowane canji yana goga farantan cikin giya, kuma duk lokacin da ƙwarya ke sake, man giya na ɗaukar zafi. A gangara ma akwai gibi: tsohuwar na'urar ba ta taka birki, iyakarta ta rufe totur, don haka mota kan zarce gudun da aka sa mata.

Maganin ya zo ne da kwamfuta. A 1981 Toyota ya fito da giyar da lantarki ke sarrafawa a motarsa Crown. A farkon shekarun 1990 Mitsubishi ya kawo INVECS, Honda kuma Grade Logic, tsarin da ke kwatanta yadda mota ke ƙara gudu da yadda ya kamata ta ƙara a shimfiɗaɗɗiyar hanya. In ta gaza, kwamfuta ta gane hawa ake yi, sai ta riƙe giya ta uku har a kai ƙarshen tudu. In ta zarce alhali an ɗaga ƙafa, ta gane gangara ce, sai ta rage giya don injin ya riƙe mota. Daga baya waya ta maye gurbin igiyar totur, injin da giya da na'urar riƙe gudu suka koma musayar bayani. A 1999 Mercedes ya ƙara na'urar rada mai auna tazarar motar da ke gaba.

Wannan tarihi bai iso mana a jere ba. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga motocin hannu daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, daga baya kuma na Amurka. Da yawa sun sauka a tashar ruwan Kwatano, suka ratso Nijar, suka shigo ta Maraɗi da Jibiya, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Shi ya sa a gareji ɗaya a Dutsin-Ma za ka tarar da motar 1992 da ta 2005 da ta 2015, kowace da irin wayonta. Abin da yake al'ada a wata, alamar ciwo ne a wata.

Ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsunta a tsaitsaye suke a gefe, hawanta gajeru ne, yawanci inda hanya ta sauka rafi ta sake tashi. A irin wannan wuri, giya ta sauka sau ɗaya ta koma ba abin damuwa ba ne. Gwajin gaske yana ga mai tafiya Jos ta Hawan Kibo, ko mai haurawa tsaunin Mambila. Can ne ya kamata direba ya kashe na'urar, ya danna maɓallin O/D a tsohuwar Toyota ko ya sa D3 a Honda, ya bar mota ta hau a giya ɗaya, ta kuma sauka a giyar ƙasa don kada birki ya yi zafi ya saki. Bakanike kuma, kafin ya ce a sauke giyabos, ya fara tambayar mai mota ko canjin yana faruwa ne kawai lokacin da na'urar ke kunne, ya duba launin man giya da ƙamshinsa. Wannan tambaya ɗaya na iya ceton kuɗin da iyali suka tara daga amfanin gonar shekara.

An ɗauki kusan shekara 35 daga motar Chrysler ta 1958 kafin injiniyoyi su koya wa giya gane tudu. Har yanzu mafi yawan motocin da ke hannun mutanenmu ba su san rami ba, ba su san garken tumaki ko amalanke ko ɗan makaranta da ke tsallaka kwalta ba. Na'urar riƙe gudu ta fi dacewa ne da hanya mai shinge wadda ba a ratsa ta. A hanyar da ke bi ta tsakiyar ƙauyuka, da ranar kasuwa, da lokacin damina, wurin ƙafar direba shi ne kusa da birki, kuma hukuncin gudu nasa ne.